Tagar sash: abin da ake nufi da ita da yadda ake gyara ta a tsofaffin gidajen Birtaniya

Duk wanda ya nemi gidan haya ko na saye a Landan, Bath ko Edinburgh zai ci karo da kalmar sash a tallar gida. Taga ce wadda ba ta buɗewa ciki ko waje kamar ƙyaure. Marafai biyu gare ta, na sama da na ƙasa, kowanne firam ne na katako mai gilashi, kuma suna zamewa sama da ƙasa ne, ɗaya a bayan ɗaya. Kowane murfi shi ake kira sash. Irinta ce ake gani a bayan firaministan Birtaniya idan ya fito jawabi a ƙofar gida mai lamba 10 a titin Downing.

Tun shekarun 1670 aka fara sa ta a gidajen manya a Ingila, kuma har yau akwai na wancan zamani a Ham House, kusa da Richmond a Landan. Masana kan gane shekarun gida daga tagarsa. Bayan babbar gobarar Landan ta 1666, dokar gini ta 1709 ta ce a ja firam ɗin taga ciki da inci huɗu daga fuskar bango, ta 1774 kuma ta ce a ɓoye akwatinta a bayan bulo. Tagar ƙarni na 18 takan zo da ƙananan gilasai, shida sama shida ƙasa, saboda babban gilashi yana da tsada da wuyar yi. Da aka soke harajin gilashi a 1845, gilasai suka girma, aka koma biyu sama biyu ƙasa, ko ɗaya bisa ɗaya. Nauyin ya ƙaru, sandunan da ke raba gilasai, masu riƙe firam, suka ragu, shi ya sa kafintoci suka fara barin wani ɗan tsini a kusurwar murfi don ƙarfafa mahaɗa, wanda suke kira ƙaho. Sa ƙaho a tagar gidan 1780 kuskure ne da mai ido zai hango daga titi.

Abin da ya sa murfi mai nauyin kilo goma ko fiye yake tashi da yatsu biyu yana ɓoye a cikin bango. Gefunan firam ɗin akwati ne mai rami. A saman kowane gefe akwai 'yan wili biyu masu kwari, igiya ta bi ta kansu. Bakin igiyar ɗaya an kafe shi da ƙusa a jikin murfi, ɗaya bakin kuma an ɗaure shi da wani dogon ƙarfe ko dalma da ke rataye a cikin akwatin. Kowane murfi yana da irin wannan nauyi biyu, dama da hagu, waɗanda idan an haɗa su sun yi daidai da nauyinsa. Kamar sikeli ne: tunda ɓangarorin biyu sun daidaita, duk inda aka saki murfin nan zai tsaya. Siraran sanduna biyu ke tsare hanyar marafan. Ɗaya tana tsakaninsu, an cusa ta cikin kwari ba tare da gam ba, ɗaya kuma tana ta cikin ɗaki, an kama ta da ƙananan ƙusoshi. A ƙasan kowane gefe akwai wata 'yar ƙofa ta katako da ake ɓallewa a kai ga nauyin.

Wannan tsari shi ne dalilin da ya sa ake maganar gyara maimakon sauyawa. Waɗanda suka ƙera tagar sun yi ta ne don a riƙa warware ta gaɓa-gaɓa. Katakon ma ba irin na kasuwar yau ba ne. Yawancinsa itacen fayin (pine) ne da aka shigo da shi daga ƙasashen tekun Baltik, itacen da ya girma a hankali cikin sanyi, jijiyoyinsa a matse, ƙwarya ce mai jure ruwa. Katakon gindin taga kuwa sau da yawa itacen oak ne. Tagar da mai gida ya yanke wa ƙauna, idan aka bi ta da tsinin sukundireba, galibi za a tarar ɓarnar ba ta wuce tafin hannu biyu daga ƙasa ba, sauran kuwa garau.

Aiki yana farawa daga cikin ɗaki. A yanka layin fenti da wuƙa mai kaifi, sannan a ɗaga sandar cikin ɗaki daga tsakiyarta, inda take lanƙwasawa, ba daga kusurwa ba. Murfin ƙasa zai fito. Kafin a yanke igiya a riƙe ta, a sassauta nauyin a hankali har ya zauna, domin idan aka sake shi ya faɗi yana iya tsaga gindin akwatin. Sai a zare sandar tsakiya, a sauko da murfin sama. Wannan sanda takan karye, kuma ba abin damuwa ba ne, ana sayar da sabuwa. Kowane nauyi a rubuta masa inda ya fito, don na sama da na ƙasa ba ɗaya suke ba.

Fenti shi ne wuri na farko da ake cutuwa. A tsohon gida a ɗauka cewa fentin ƙasa-ƙasa yana da dalma, domin an daɗe ana amfani da ita, kuma sai 1992 aka hana sayar da irin wannan fenti ga jama'a a Birtaniya. Goge shi da samfefa a bushe ko ƙona shi da wuta yana sakin ƙura da hayaƙi masu guba, yara da mata masu ciki kuma su suka fi shiga haɗari. Ana jiƙa shi a kankare, ko a shafa maganin cire fenti, a shimfiɗa leda a ƙasa, a sa takunkumin hanci na gaske. Na'urar hura zafi kuma kada ta matso kusa da gilashi, tsohon gilashi siriri ne, zafi kaɗan ke tsaga shi. Ba dole ne a kankare komai har katako ba. Inda fenti ya kama sosai a bar shi, a cire wanda ya tashi da wanda ya taru a hanyar zamewa.

Ruɓa tana kama katako ne idan danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100. Wuraren da take zama sanannu ne: katakon gindin taga, sandar ƙasa ta murfin ƙasa, da ƙafafun gefuna inda bakin itace ke zuƙar ruwa. Kafin a taɓa katakon a nemo inda ruwan ke shiga. Sau da yawa wani ɗan kwari ne a ƙarƙashin leɓen gindin taga, wanda aka yi don ruwa ya ɗiga ƙasa, amma fenti ya cike shi, ruwan ya koma yana bin bango. Wani lokaci indararo ne ke zuba daga sama. Idan ba a tsayar da ruwan ba, sabon gyara ma zai ruɓe.

Gyaran da ya fi daɗewa shi ne dashe. A yanke ruɓaɓɓen wuri har a shiga lafiyayyen katako, a yanka a karkace yadda mahaɗar za ta gangara waje ta zubar da ruwa, a sassaƙa sabon guntu daga busasshen itace irin na asali, jijiyarsa ta bi ta tsohon, a haɗa da gam mai jure ruwa. Idan itatuwan biyu sun bambanta, kumburinsu da motsewarsu ba za su zo ɗaya ba, mahaɗa ta buɗe. Ƙananan ramuka ana cike su da ƙaro na musamman mai ɗan laushi da aka yi don katako. Abin da bai kamata ba shi ne cusa abin cike jikin mota ko siminti. Suna sandarewa, katako yana motsi su ba sa yi, sai siririyar tsaga ta buɗe a gefensu, ruwa ya shiga ya rasa mafita.

Tsohon gilashi ya cancanci a yi masa haƙuri. Kafin kamfanin Pilkington ya fito da hanyar yin gilashi sumul a 1959, yawancin gilasan taga ba su kai wannan daidaito ba. Mafi tsufa da baki aka hura su, shi ya sa suke da 'yan kumfa da lanƙwasa, hasken da ke dawowa daga fuskar gidan yana rawa. Wanda ya fashe ya tafi ke nan. Don haka idan gilashi yana zaune daram, a bar shi a wurinsa, a cire kwaɓin da ke riƙe gilashin a inda ya tsattsage kawai. Wannan kwaɓi garin alli ne da man linsid. Kafin a sa sabo a shafa fentin farko a kwarin katakon, in ba haka ba busasshen itace zai tsotse man, kwaɓin ya bushe ya zube. A daɓe shi a karkace da wuƙa, a ba shi mako ɗaya zuwa uku ya yi fata, sannan a yi fenti. Fentin ya hau kan gilashi da milimita ɗaya ko biyu. Masu son aiki ya yi tsaf sukan kankare wannan ɗan layi, alhali shi ne ke hana ruwa shiga tsakanin gilashi da kwaɓi.

Sai an gama sa gilashi ake auna murfi a sikeli. Gilashi yana da nauyin kilo biyu da rabi a kowace murabba'in mita ga kowace milimita ta kauri, don haka wanda ya sauya na milimita 3 da na 4 ya ƙara nauyi, kuma murfin zai riƙa zamowa. Al'adar masu sana'ar ita ce nauyin murfin sama ya ɗan rinjaye shi don ya zauna a rufe a sama, na ƙasa kuma ya ɗan gaza shi don ya zauna a ƙasa. Idan akwati ya yi ƙunci ana sauya ƙarfe da dalma, tunda ta fi shi nauyi a girma ɗaya. Igiya ta zama saƙaƙƙiya ta auduga mai kaki, kaurinta ya dace da kwarin wili, galibi milimita 6 a tagar gida. Ana zura ta ne da ɗan guntun dalma a bakin zare, a jefa ta kan wili ya faɗo ƙasa. A sauya duka huɗun a lokaci ɗaya. Kurakurai biyu ne ke yawan faruwa a nan. Idan igiya ta yi tsawo, nauyi zai taɓa gindin akwati kafin murfi ya kai sama, don haka a bar masa tazarar santimita biyar zuwa bakwai. Idan kuma aka buga ƙusar igiya kusa da saman murfi, za ta tokare a wili, taga ta ƙi rufuwa.

Babban ƙorafin mazauna shi ne sanyi da ƙarar iska. Maganinsa siririn buroshi ne da ake dasawa a cikin sandunan nan biyu da inda marafan ke haɗuwa, ba a ganinsa daga waje. Inda ake son ƙarin ɗumi ana kafa gilashi na biyu ta cikin ɗaki, a bar tsohuwar tagar yadda take. Da zafi kuwa ana buɗe sama da ƙasa kaɗan-kaɗan, iska mai ɗumi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa, abin da ba zai yiwu ba idan an liƙe murfin sama da fenti, kamar yadda ake tararwa a gidaje da yawa.

Akwai kuma doka. A Ingila gidan da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi, wadda hukumar Historic England ke kula da ita, ba a sauya tagoginsa sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne a ƙarƙashin dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990. Ana iya tilasta wa mai gida ya cire tagogin roba ya mayar da na katako da kuɗinsa. Wasu unguwannin tarihi ma suna da irin wannan sharaɗi ko da gidan ba ya cikin rajista. Gyara da kaya irin na asali galibi ba ya buƙatar izini, amma a tambayi jami'in adana tarihi na ƙaramar hukuma kafin a fara.

Bayan gyara, a sabunta fentin waje duk shekara biyar zuwa takwas, gefen da rana da ruwa suka fi duka kuma ya fi saurin buƙata. Kada fenti ya taɓa igiya ko wili, yana sandarar da igiyar ta tsinke. A hanyar zamewa a goga kyandir ko kakin zuma, kuma yayin da fenti ke bushewa a riƙa motsa marafan sau biyu ko uku a rana don kada su manne.