Tambayoyin da kuka ishe ni da su a kan injin wanki

Assalamu alaikum. Shekarata tara ina wanki da guga a Tudun Wada nan Kaduna, inji uku ne a shagona, biyu masu baki biyu, wato wurin wanki daban wurin matsa daban, ɗaya otomatik mai buɗewa ta gaba, kuma kuɗin da masu gyara suka ci a hannuna ne ya sa dole na koyi kwance su da kaina. Tunda mutane suka gano haka shikenan wayata ta daina hutawa, ballantana in an kai amare, kowace an ajiye mata inji a cikin jere ba wanda ya nuna mata yadda ake kunna shi. Tambayoyin kuma su ne dai su ne. To ga su nan na tara, duk wanda ya sake yi min ɗaya daga ciki wannan zan tura masa, kar ya ce na yi masa wulaƙanci.

Malam, omo nawa zan zuba?

Ƙasa da wanda kike zubawa. Ban gan ki ba amma na sani. Cokali biyu zuwa uku na cin abinci ya ishi zubi ɗaya in ba kayan makanike ba ne. Kumfa ba ita ke wanki ba Hajiya, ruwan ɗauraya kawai take cinye miki, ta bar fari-fari a jikin baƙaƙen kaya, yara su wuni suna susa. Mai buɗewa ta gaba kuwa omon da aka rubuta na inji yake so, marar kumfa sosai, in kika zuba masa na wankin hannu sai ki ga kumfa na fitowa ta aljihun sabulu kamar tukunya ta tafaso.

Zan iya yayyanka sabulun wanki in watsa a ciki?

A'a. Ki goga shi a wuyan riga da bakin hannu kafin ki saka, shikenan.

Yana ɗan ja na in na taɓa ruwan, amma kaɗan ne.

Wai kaɗan ne! Wannan ita ce maganar da ta fi ɓata min rai wallahi. Baiwar Allah kina tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, hannunki cikin ruwa, wutar kuma volt 230 ce, me kike jira? Cire shi daga soket yanzu. Yawancin gidajen hayarmu soket ɗin rami uku ne a ido amma ba a ja wayar ƙasa ba, wadda masu wayarin ke ce wa at, to in wuta ta zurara jikin inji ba ta da hanyar wucewa sai ta jikinki. A kira mai wayarin ya duba soket, mai gyara ya duba injin. Kuma a daina jona shi da ekstenshan ɗin cajin waya yana kwance a ƙasa inda ruwa ke bi, sannan kar a bar yaro ya zura hannu a wurin matsa yana juyawa.

An rubuta kilo 7, kaya nawa kenan?

Nauyin busassun kaya ake nufi, ba jiƙaƙƙu ba. Na san ba mai ɗauko sikeli, don haka ga awo mai sauƙi: a otomatik ki bar kamar taƙi ɗaya tsakanin kaya da saman ganga, a mai baki biyu kuma ki tsaya ki duba, in kaya ba sa juyawa suna nutsewa suna tasowa sai rawa kawai suke a wuri ɗaya, kin cika shi, rage. Babban bargon nan na hunturu in ya sha ruwa nauyinsa ninkuwa yake, kar ki tura shi a ƙaramin inji don ya shiga da ƙyar. Yawancin koyil ɗin da na gani a ƙone, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke juya injin, son a gama wankin sati a zubi ɗaya ne ya ƙona su.

Sabo ne fil amma in ya zo matsa sai ya kama tsalle yana tafiya.

Kwantar da hankalinki, ba a cuce ki ba. In mai buɗewa ta gaba ne, leƙa bayansa za ki ga manyan notuna uku ko huɗu, kamfani ne ya ɗaure gangar da su don kar ta jijjiga a mota, dole a kwance su kafin wankin farko. In an cire yana yi, ƙafafunsa ne ba su zauna daidai ba, suna da zare a murɗa su. In mai baki biyu ne, ki daidaita kayan a wurin matsa ki danna su, ki ɗora faifan robar nan a kai, wanda kowa ke yarwa tun ranar farko.

Zan iya wanke shadda ko gezna a inji?

To nan ne ba zan ce e ko a'a kai tsaye ba, don ya danganta da shaddar, da aikin da ke jikinta, da irin injin, da kuma yadda zuciyar mai rigar take in wani abu ya faru.

Shadda auduga ce, ruwa ba ya yi mata komai. Abin da ake tsoro biyu ne, ƙyalli da launi. Ƙyallin nan da ake biyan kuɗi dominsa, musamman na gezna da ake yi a Ostiriya, a kamfani ake danne shi a fuskar yadin, kowane wanki yana rage shi ko da hannu ne, inji dai ya fi saurin ci saboda gurza. Masu bugu suna dawo da wani abu daga ciki amma ba duka ba. Don haka sabuwar gezna, wankin farko da na biyu da na uku, ni dai ba na sa ta a inji ko wane iri ne, kuma in Alhaji ya saye ta don ɗaurin aure ko sallah ki bar ta a hannu kawai ki huta da magana.

Wadda ta kwana biyu, ta zama ta zuwa kasuwa da ofis, ita ce ake iya shawara a kanta. In mai baki biyu gare ki har yanzu ina ɗari-ɗari, saboda faifan da ke juyawa a ƙasa murɗe doguwar riga yake kamar igiya, wurin matsar kuma ya karya ta, a shadda mai duhu wannan karin yana barin farin layi wanda ko an yi guga da sitati yana nan. Ni ya taɓa faruwa da ni, babbar riga ruwan bula mai duhu ta wani kwastoma, yarona ya haɗa ta da sauran kaya ina masallaci, na biya kuɗin yadi na biya na ɗinki, mutumin kuma bai sake dawowa ba. In ya zama dole, cika ruwa sosai, riga ɗaya da wandonta kawai, minti 3 zuwa 5, kar ki kai ta wurin matsa, ɗaga ta ki rataye ruwan ya tsane da kansa.

In mai buɗewa ta gaba ne da sauƙi, don shi ɗaga kaya yake yana saki, ba ya murɗawa. Juya rigar ciki ya koma waje, ruwan sanyi, zaɓi wankin kaya masu laushi, sabulun ruwa ya fi na gari, matsa kuma ki kashe ta ko ki sa a mafi ƙaranci, juyi 400 a minti in injinki yana da shi. Duk da haka ban ce ki rufe ido ba. Rinanniyar shadda irin galila tana zuba, gwada tukun: jiƙa farin ƙyalle ki goga a cikin kalmasa, in ya ɗauko launi to ita kaɗai za a wanke ta, da hannu, da sauri, ba jiƙo. Wasu suna cewa a jiƙa da gishiri launi ya kama, na ga masu yi, ni ban dogara da shi ba. Sai aiki. Aikin kwamfuta yakan jure, amma zaren mai launi a kan farar shadda yana iya zuba ya ɓata gaban rigar, aikin hannu kuwa irin na Zariya ko da wasa kar ya ga inji, zare ɗaya ya ja an gama. Shanya a inuwa a juye. Sitati a bokiti ake sa shi bayan ɗauraya, ba a cikin ganga ba.

Leshi mai duwatsu kar ki fara, duwatsun su zube su kuma toshe miki famfon fitar da ruwa, asara biyu. Atamfa da yadin maza na yau da kullum ba matsala, ruwan sanyi, kar su kwana a jiƙe.

Hula fa?

Haba Malam. Kai wa masu wankin hula.

Janareta ko sola za su ja shi?

Duba takardar da ke manne a bayansa, an rubuta wat nawa yake ci. Mai baki biyu yawanci bai kai 500 ba, sai dai yana juyawa dama ya tsaya ya juya hagu, kowane tashi kuma yana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta, shi ya sa ƙaramin jen ɗin nan mai haɗin mai da baƙin mai yake ta nishi, daga ƙarshe a rasa jen ko a rasa inji. Wanda ake ce wa tu-kebi zuwa sama ya fi kwanciyar hankali. Otomatik abin da ke cin wuta a jikinsa hita ce, ita kaɗai tana kai wat 2000, in kin zaɓi ruwan sanyi kin kashe wannan. Masu sola ku yi wanki da tsakar rana ba da dare a kan batir ba. In wuta ta zo ba ƙarfi, kwan fitila ja-ja, a haƙura da wankin, kuma a saya wa otomatik sitabilaiza don fanel ɗinsa tsada gare shi. In an ɗauke wuta yana cikin aiki ƙofa ta ƙi buɗuwa kar ki ɓalle ta, ki ba ta 'yan mintuna, in da ruwa a ciki a fara zubar da shi ta ƙasa.

Ruwa ya ƙi fita.

Mai baki biyu yawanci ba shi da famfo, gangara ruwan yake, kwantar da tiyon a ƙasa. Mai buɗewa ta gaba akwai 'yar ƙofa a ƙasa ta gaba, tara faranti ki murɗe matatar. Abin da nake cirowa a nan: fil ɗin mayafi, tsinken sakace, ƙwallon dabino, 'ya'yan carbi, ribom, safar jariri. A riƙa laluba aljihu dan Allah.

Kayan fitsarin yara da najasa fa?

Ki fara kawar da ƙazantar ki ɗauraye a famfo ko da buta kafin su shiga inji, ko don tsabtar sauran kayan. Hukuncin tsarki kuma na malamai ne, ni mai wanki ne.

Na wanke amma kayan suna warin gumi-gumi.

Kin bar su a ciki ne bayan ya gama, ko kina rufe ƙofar injin ruf yana jiƙe. Bar ta a buɗe, goge cikin robar bakin ƙofa, wata-wata ki kunna shi ba kaya da ruwan zafi. A watan Agusta da rana ke wuyar gani a garin nan ki rage yawan zubi ki ƙara matsa. Kuma kar a shanya a ƙasa ko kan ciyawa, akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kaya masu danshi tsutsar ta shiga fatar yaro kamar maruru, guga mai zafi ke kashe ƙwan, har ɗan kamfai a goge.

Zan sa Hypo?

A fararen auduga kawai, a tsarma shi da ruwa tukun. Kar a taɓa haɗa shi da ruwan wankin masai mai asid ko da binega, iskar da ke tashi guba ce. Jini da ruwan sanyi ake fara wanke shi. Manja kuma sabulun wanke-wanke ki murza, sauran jan rana za ta cinye shi.

Yana ƙugi amma ba ya juyawa, ya mutu ko?

Da wuya. Kashe shi kar ki bar shi yana ƙugin. Galibi kafasita ce, 'yar abar da ke tayar da shi ya fara juyawa, ko bel, ko wani abu ya maƙale a ƙarƙashin faifan, wani lokaci kuma ɓera ne ya shiga ta ƙasa ya ci waya. Ƙananan gyara ne, a tambaya a kasuwar Panteka. Kar wani ya ce miki sai an canza koyil bai gwada kafasita a gabanki ba.

Wanne zan saya to?

Wanda ruwan gidanku zai iya riƙewa. In 'yan garuwa ke kawo muku ko rijiya kuke ja, mai baki biyu, ki zuba da bokiti, ki fara da farare ki bi da masu launi a ruwa ɗaya. Otomatik sai da tanki a sama da ruwa mai ƙarfi a famfo, in tankin ya yi ƙasa sai an ƙara masa famfon turi. Suna kuwa, LG ne ko Hisense ko Thermocool ko Scanfrost, ki tambayi mai gyaran unguwarku wanda yake samun kayansa.

Za ka zo gida ka duba min?

In cikin gari ne, bayan la'asar, kuɗin adaidaita a kanku, kuma maigida ya kasance yana nan. Ranar Juma'a da satin sallah kar ma a kira.