Ina ƙwayar magani take zuwa bayan an haɗiye ta?

Tambayoyin nan su ne dai 'yan'uwanmu suke maimaitawa a bakin saidaliyya, wato kantin magani, daga unguwar Misfala ta Makka har Jidda, kuma da azumi ya gabato sai su ƙaru. A karanta a riƙe.

A cikin tumbi magani yake aiki?

A'a. A nan yake narkewa, amma mafi yawansa a ƙaramin hanji yake tsallakawa cikin jini. Jijiya ta kai shi hanta kai tsaye, hanta ta ci rabonta, ragowar ne yake zaga jiki.

Yaya ya san kaina ne ke ciwo?

Bai sani ba. Jini ne yake kai shi ko'ina, har inda ba a gayyace shi ba. Shi ya sa wani maganin yake isa ga ɗan tayi, wani ya fito a nono. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa tun kafin a miƙo musu.

Panadol biyu ba su yi mini ba, in ƙara biyu?

Kada ka kuskura, Alhaji. Kowace ƙwaya miligiram 500 ce ta farasitamol. Babban mutum ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8, kuma tsakanin sha da sha a ba da aƙalla awa 4. Hanta tana sarrafa wani ɓangare na farasitamol ya koma guba, sannan ta kashe gubar da wani sinadari da take ajiyewa. In ka yi yawa ajiyar ta ƙare, gubar ta koma kan hantar, kuma ranar farko za ka iya jin kamar lafiya lau. Duba kwalin maganin murarka ma, yawanci da farasitamol a ciki. Lissafi ɗaya ne.

In haɗiya da shayi ko laban, wato kindirmo?

Ruwa fa? Shayi yana rage shigar ƙwayar ƙarin jini. Sinadarin kalsiyam na laban da madara yana kama sifuro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a hanji ya hana ta shiga jini, sai a sha ta awa 2 kafin laban ko awa 6 bayansa. Coartem na zazzaɓin cizon sauro kuwa akasin haka ne, da madara ko abinci mai maiƙo ya fi shiga.

Magani na sau uku a rana, ga azumi. In haɗa su da buɗa-baki da sahur?

Nan ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda bai ga takardarka ba. Abin da za a duba shi ne tsawon lokacin da jiki yake ɗauka kafin ya kawar da rabin maganin daga jini. Na amoksilin kamar awa 1 ne, shi ya sa ake jera shi duk bayan awa 8. Na amlodifin na hawan jini ya kai awa 30 zuwa 50, don haka a mayar da shi bayan magariba ba zai girgiza komai ba. Azumin Makka kuwa awa 12 zuwa 15 ne gwargwadon lokacin shekara. Ka haɗa kashi biyu wuri ɗaya, maganin ya yi yawa a jini da dare, kafin la'asar kuma ya yi ƙasa, ƙwayoyin cuta su sami sarari.

Wani lokaci likita zai canza maka zuwa mai sau ɗaya ko sau biyu. Wani lokaci babu madadi. Metfomin na ciwon suga, ga wanda yake sha sau uku, an saba ba da kashi biyu da buɗa-baki, kashi ɗaya da sahur, amma wannan ma sai an ga lafiyar ƙodarsa da sauran abin da yake sha. Gilibenkilamaid da insulin suna iya faɗar da suga da rana tsaka, sai likita ya sake lissafi. In awon suga ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 a ma'aunin mg/dL, a karya azumin nan take. Maganin sa fitsari ya fi dacewa da dare, ba da sahur ba. Na farfaɗiya da na tsinka jini kuwa, kada kowa ya taɓa lokacinsu da kansa. Ka je asibiti makonni kafin a ga wata, ba daren farko ba. In kuma aka ce ki ajiye azumi, Hajiya, ki kwantar da hankalinki, aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame.

Me ya sa ake sa ƙwayar ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe?

In an haɗiye ta hanta za ta cinye kusan duka. Ta ƙarƙashin harshe tana shiga jini cikin 'yan mintuna. A zauna kafin a sa, tana sa jiri.

Ƙafafuna sun gaji da ɗawafi da sa'ayi, in sha dikulofenak?

Kin sha ruwa tukuna? A zafin da ya haura digiri 40, gumi ya riga ya rage jinin da ke zuwa ƙoda, dikulofenak da ibufurofen kuma suna ƙara rage shi. Tsoho, mai suga, mai hawan jini, mai gyambon ciki, su nemi farasitamol.

Fitsarina ya yi ja tun da na fara maganin tarin fuka.

Rifamfisin ne, ba jini ba ne, kada ka daina. Abin lura shi ne yana zaburar da hanta ta riƙa cinye wasu magunguna da sauri, har ƙwayar tazarar haihuwa ta daina kare mace. A gaya wa likita.

Baba ba ya iya haɗiya, in niƙa masa?

Duba kwalin. In akwai SR, MR ko XR a gaban sunan, an yi ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon yini. Ka niƙa, na yini guda ya shiga jininsa lokaci ɗaya. Kawo kwalin a nema masa na ruwa.