Waiwaye: Makaɗan emo da indie da duniya ta makara wajen saurararsu

Duk wanda ya fara jin sunan emo a tsakiyar shekarun 2000, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne matashi da baƙaƙen kaya, gashi ya rufe ido ɗaya, kwalli raɗau. Wannan hoton ya zo ne shekara ashirin bayan an haifi kiɗan, kuma ya rufe abin da ya gabace shi ruf. A ƙarƙashinsa akwai tarihin ƙananan ƙungiyoyin makaɗa da suka yi faifai ɗaya ko biyu, suka watse tun ba su kai shekara ashirin da biyar a duniya ba, sai daga baya masu sauraro suka iso, bayan an kwashe tabarmi.

Tushen abin yana cikin tsarin da ake kira indie, wato mawaƙi ya buga faifansa ba tare da manyan kamfanoni ba. A watan Janairun 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta birnin Manchester a Ingila ta ranto kimanin fam 500 daga dangi da abokai, ta buga ƙaramin faifan garmaho mai waƙa huɗu da sunan kamfaninta na kanta. Faifan ya sayu, matasa suka ga ashe ƙofar ba a kulle take ba. A Washington ta Amurka, Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa kamfanin faifai na Dischord a 1980, suna naɗe kwalin faifai da hannu suna liƙewa, suna aika wa masu saye ta gidan waya.

Kiɗan Washington na lokacin mai tsananin sauri ne da ihu. Zuwa 1984 wuraren wasan sun fara zama fagen dambe, ƙarti na zuwa don su bangaji na gaba da su kawai. Wasu daga cikin waɗanda suka assasa harkar suka gaji. A bazarar 1985 suka yi yunƙurin da suka kira Revolution Summer, sunan da ake dangantawa da Amy Pickering, ma'aikaciyar Dischord. Ƙungiyar da ta fi fice a wannan bazara ita ce Rites of Spring. Ba su rage ƙarar jita ba, abin da suka sauya shi ne maganar da ke cikin waƙar. Mawaƙinsu Guy Picciotto yana tsayawa gaban mutane yana rera abin da ke cin zuciyarsa, kewa da nadama da tsoron wucewar lokaci, har muryarsa ta dushe. Wasannin da suka yi ba su kai ashirin ba. Kundi ɗaya suka fitar a 1985, farkon 1986 suka rabu. A wannan shekarar mujallar Thrasher ta laƙaba wa salon suna emocore, wato kiɗan ihu mai bayyana abin da ke zuciya, MacKaye kuma ya fito fili a kan dandamali ya yi tir da sunan. Sunan ya zauna duk da haka, aka gutsure shi ya koma emo.

Kundin Rites of Spring har yau yana da zafi a kunne. Wanda bai saba da irin wannan ƙarar ba zai sha wuya a waƙa biyu na farko. Amma idan ya daure zai ji abin da ba kasafai ake samu a kiɗan samari na wancan zamani ba: namiji yana faɗin rauninsa da iyakar ƙarfinsa, ba ya jin kunya.

A can Ingila kuma akwai wani reshe mai taushi da ya sha irin wannan raini. Clare Wadd da Matt Haynes sun kafa Sarah Records a Bristol a 1987, suna aiki daga gidan da suke haya. Jaridun kiɗa na Landan sun yi ta yi musu ba'a, wai waƙoƙinsu na ragwaye ne masu kuka. Su kuwa suka ci gaba da sayar da faifai da araha, suka buga faifan ƙungiyoyin The Field Mice da Heavenly, da suka kai lamba 100 a jerin abubuwan da suka fitar a 1995 sai suka rufe kamfanin da kansu, kamar yadda suka ƙudura. Amelia Fletcher, mawaƙiyar Heavenly, daga baya ta zama farfesar tattalin arziki. The Field Mice sun cancanci a neme su. Waƙoƙin soyayyarsu ba su da ado, shi ya sa ba su tsufa ba.

Inda labarin ya fi kauri shi ne tsakiyar Amurka a shekarun 1990. A unguwannin bayan garin Shikago, wasu 'yan'uwa biyu, Tim da Mike Kinsella, suka haɗa Cap'n Jazz da abokansu a 1989. Mike yana da shekara 12 a lokacin, shi ke kan ganguna. Kiɗansu kamar zai tarwatse a kowane daƙiƙa, Tim yana ihu yana kuskure murya, jita biyu kowace ta kama gabanta, amma su haɗu a wuri ɗaya. Kundi ɗaya suka yi, suka watse a 1995 ana tsakiyar rangadi. Sai a 1998 kamfanin Jade Tree ya tattara duk abin da suka taɓa ɗauka ya fitar, lokacin ne mutane da yawa suka fara jin su. Daga tokar wannan ƙungiya The Promise Ring ta fito a Milwaukee, Joan of Arc a Shikago, sannan American Football.

Yadda waɗannan ƙungiyoyi suke rayuwa shi ne ya sa ba a san su ba. Ɗalibai ne akasarinsu. Wasa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan haya ake yi, ko zauren coci, ko ɗakin taron tsofaffin sojoji, mutum hamsin ko ɗari a tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba dandamali, mai jita yana kallon idon na gabansa. Kuɗin ƙofa dala biyar ne ko makamancin haka, al'adar da Fugazi, ƙungiyar da MacKaye da Picciotto suka haɗu a ciki, ta dage a kai. A kan wani teburi a gefe ake jera faifai da riguna da ƙananan mujallun da aka buga da injin kwafi. Bayan wasa makaɗan su kwana a ƙasan ɗakin wanda ya gayyace su, da safe su shiga tsohuwar motarsu su nufi gari na gaba. Rediyo ba ya sa su, talabijin bai san da su ba. Idan karatu ya ƙare, ko wani ya sami aiki, ko motar ta mutu, shi ke nan.

American Football su uku ne a garin Urbana na jihar Illinois, inda jami'a take: Mike Kinsella da Steve Holmes a kan jita, Steve Lamos a kan ganguna, wani lokaci ya ɗauki ƙaho irin na 'yan badujala ya busa a hankali. Sun ajiye ihu gaba ɗaya. Suna sauya ɗaurin tsirkiyar jita kusan kowace waƙa, jita biyun suna saƙa da juna ba tare da ƙara ba, lissafin bugun kuma ba irin wanda ƙafa ta saba bi ba ne. A 1999, ana gab da tashi daga makaranta, suka shiga situdiyo suka ɗauki waƙa tara cikin 'yan kwanaki, sun riga sun san ba za su ci gaba ba. Kamfanin Polyvinyl ya fitar da kundin a watan Satumba, da hoton wani farin gidan katako da dare, fitila na ci a tagar sama, wanda Chris Strong ya ɗauka. Ba su yi rangadin tallata shi ba. Kowa ya kama sana'arsa, Lamos ma ya zama malamin jami'a.

Shekara goma sha biyar kundin yana tafiya daga hannu zuwa hannu, daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Da Polyvinyl ya sake fitar da shi a 2014, ya shiga jerin kundaye 200 mafi kasuwa na Billboard, ƙungiyar ta dawo ta cika zaure dare uku a jere a New York. Gidan da ke jikin kwalin ya zama wurin ziyara, har a 2023 makaɗan da kamfanin da wasu abokansu suka haɗa kuɗi suka saye shi don kada a rushe. A ganina kundin ya cancanci duk wannan. Sai dai shahararsa ta zo da nata zaluncin, domin yanzu da yawa suna tsayawa a kansa kamar shi kaɗai aka yi.

Ba shi kaɗai ba ne. A gari ɗaya da su akwai Braid, waɗanda kundinsu na 1998 ya fi kuzari da kaifi. A Texas akwai Mineral, masu fara waƙa da raɗa su ƙare ta da guguwa, su ma kundi biyu suka yi suka rabu. Christie Front Drive na Denver sun binne murya a cikin jita har ba a rarrabe kalmomin sosai, kuma Jimmy Eat World, da suka zo suka yi suna, sun taɓa raba faifai ɗaya da su. Wadda na fi jin takaicin yadda aka tsallake ta ita ce Rainer Maria ta garin Madison. Caithlin De Marrais tana riƙe da babbar jita mai kaurin amo tana rera waƙa, Kaia Fischer na amsa mata, muryoyin biyu suna hawa kan juna kamar mutum biyu da ke gardama kuma ba wanda ke son ɗaya ya tafi. Kundinsu na 1999 yana cikin mafi kyawun abin da wannan zamani ya bari. A 2003 marubuciya Jessica Hopper ta yi wani rubutu a mujallar Punk Planet tana ƙorafin cewa emo ya zama dandalin samari masu kuka da 'yan matan da ba a ba su suna ko baki a cikin waƙar. Ta faɗi gaskiya, kuma wani ɓangare na gyaran shi ne a koma a saurari matan da suke wurin tun farko.

Manyan kamfanoni sun leƙo, kuma farkon haɗuwar ba ta yi daɗi ba. 'Yan ƙungiyar Jawbreaker sun sa hannu da kamfanin DGC suka fitar da kundi a 1995, magoya bayansu suka juya musu baya suna cewa sun sayar da kansu, kasuwa kuma ba ta karɓe su ba, suka watse a 1996. Kamfanin Capitol ya rabu da Jimmy Eat World bayan kundinsu na 1999. Da kuɗinsu suka ɗauki na gaba, waƙa ɗaya a ciki ta kai lamba 5 a Amurka a 2002. Daga nan ƙofa ta buɗe. Fall Out Boy, My Chemical Romance da Paramore suka cika filaye, kantuna suka cika da baƙaƙen riguna, sunan emo ya tashi daga kiɗa ya koma shiga.

Yaran da suka yi wannan shiga sun biya farashi. A watan Maris na 2008 gungun matasa suka far wa 'yan emo a dandalin birnin Querétaro na Meziko, rikicin ya bazu har babban birnin ƙasar. A shekarar ce wasu 'yan majalisar Rasha suka nemi a taƙaita shigar a makarantu, a Landan kuma masoya My Chemical Romance suka yi tattaki kan yadda jaridar Daily Mail ta alaƙanta kiɗan da kisan kai. A Iraƙi a 2012 an kashe matasa a Bagadaza bisa zargin su 'yan emo ne. Yawancin waɗannan yara ba su taɓa jin sunan Rites of Spring ba, gashi da tufafi kawai aka gani a jikinsu.

Da guguwar ta lafa wajen 2008, wasu matasa a Philadelphia da Michigan suka koma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, suna koyi da Cap'n Jazz da American Football da suka tsinta a intanet. Algernon Cadwallader da Snowing su ne a gaba, su ma ba su daɗe ba. Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi a intanet da aka buɗe a 2008, ya ba su abin da na baya ba su samu ba: mai waƙa ya ɗora kundinsa da kansa, mai saye ya biya shi kusan kai tsaye. Ta nan salon ya tsallaka teku. A Wuhan ta ƙasar Sin akwai Chinese Football, sunan kansa gaisuwa ce ga na Urbana. A Koriya ta Kudu wani matashi da ke ɓoye sunansa, ana kiransa Parannoul, ya haɗa kundi a ɗakinsa da kwamfuta a 2021, ya zaga duniya ba tare da kamfani ba.

Tono tsofaffi ma ya zama sana'a. Kamfanin Numero Group na Shikago ya tattara ayyukan Duster, 'yan San Jose masu kiɗa a hankali kamar ana jin sa ta bango, ya fitar a 2019, kusan shekara ashirin bayan sun yi shiru. Daga baya matasan TikTok suka ɗauke su. A 2023 kamfanin ya yi wa ƙungiyar Everyone Asked About You na Little Rock irin wannan hidima. Mafi ban mamaki shi ne Panchiko. Wasu 'yan makaranta a Nottingham sun ƙona faifan CD kaɗan a 2000, ba wanda ya kula, suka manta. A 2016 wani ya tsinci ɗaya a kantin gwanjo, faifan ya fara ruɓewa har sautin yana ƙarce-ƙarce, ya ɗora a intanet yana tambayar ko akwai wanda ya san su. Shekara huɗu baƙi daga ƙasashe daban-daban suna bincike, sai a 2020 aka samo ɗaya daga cikinsu ta Facebook, bai ma san ana nemansa ba. Yanzu suna rangadi.

Waɗannan su ne waɗanda sa'a ta waiwaya, kuma duk labarinsu ya dogara ne da cewa wani ya ajiye kwafi a wani wuri. Abin da ke damuna shi ne halin da na yanzu suke ciki. An sayar da Bandcamp ga kamfanin Epic Games a 2022, aka sake sayar da shi ga kamfanin Songtradr a 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikatansa. Dandalin sauraron waƙa na Spotify kuma daga 2024 ya daina biyan ko sisi kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata goma sha biyu. Ƙungiya irin Cap'n Jazz, a shekarar da take raye tana wasa gaban mutum hamsin, da wuya waƙoƙinta su tsallake wannan ma'auni.