Yaron da ya daina zuwa makaranta: wa doka za ta kama?

Wata safiyar Talata, wajen ƙarfe goma, na tsaya shan mai a babur kusa da Ƙofar Doka a Zariya, sai ga wata yarinya ɗauke da bokitin awara. Ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Wandon da ke leƙowa ƙarƙashin hijabinta na yunifom ne. Na ce, "'Yammata, yau babu makaranta ne?" Ta ce, "Akwai, Baba. Innarmu ta ce sai na sayar tukuna." Mai man ya yi dariya ya ce, "Malam, ai an ce gwamnati za ta fara ɗaure iyaye. In da gaske ne, gidan yari ba zai ɗauke mu ba."

Iyakar abin da yawancinmu muka sani game da dokar ke nan, ɗaure iyaye. Duk lokacin da wani babba ya yi barazanar a rediyo sai a yi ta maganarta a majalisa kwana biyu, a manta. Ɗaurin yana cikin dokar, ba ƙarya aka yi ba. Sai dai shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba iyaye kaɗai ya shafa ba.

Dokar da ake nufi ita ce ta ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole, wadda aka fi sani da dokar UBE. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a Sakkwato a 1999, aka mai da shi doka a 2004, jihohi kuma suka yi nasu dokokin suka kafa hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB. Shekara tara ta ce kowane yaro ya yi: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare.

Sashe na 2 ya raba nauyin gida uku, kuma jerin da ya bi yana da ma'ana. Da gwamnati ya fara: kowace gwamnati a Nijeriya dole ta samar wa yaro wannan ilimi kyauta. Sannan ya zo kan iyaye, ya ce su tabbatar yaro ya shiga, yana zuwa, ya kuma kammala. Sa sunan yaro a rajista bai wadatar ba. Kalmar iyaye a nan ta haɗa da duk wanda yaro ke hannunsa, don haka goggon da aka ba riƙo da kawun da marayu suka koma gidansa duk suna ciki. Kashi na uku shi ne wanda ba a cika ambata ba: masu ruwa da tsaki a harkar ilimi a ƙaramar hukuma, su ne za su tabbatar iyaye sun sauke nasu nauyin. Wato doka ba ta miƙa wannan aiki ga 'yan sanda ba, ta bar shi a hannun mutanen da suka san gidan yaron.

Uban da ya ƙi, in aka kai shi kotun majistare aka same shi da laifi, karon farko jan kunne ne kawai. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, ko duka biyun. In ya sake, naira 5,000 ko wata 2, ko duka. A 2004 naira dubu biyu kuɗi ce. Yau ba ta cika tankin babur. Wani tsohon hedimasta yakan ce mana tarar da ke damun iyayen yanzu ba ta kotu ba ce, kuɗin tara ne, na sayen abinci a makaranta, wanda yaro ke tsayawa a bakin ƙofa yana jira kowace safiya kafin ya saɓa jaka.

Ga kuma sashen da ya kamata a riƙa karanta wa iyaye a rediyo. Sashe na 3 ya ce ba a karɓar kuɗi a firamare da ƙaramar sakandaren gwamnati, kuma wanda ya karɓa ya yi laifi: tarar da za ta iya kai naira 10,000, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. A lura, hukuncin mai karɓar kuɗi ya fi na uban da ya hana ɗansa zuwa. Dokar ta lissafa abin da ya zama kyauta: littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru da tebura, har da abincin rana. Yunifom ba ya cikin jerin. Amma duk wanda ke da yara a makarantar gwamnati ya san labarin kuɗin jarrabawa, kuɗin katin sakamako, kuɗin alli, yau a kawo tsintsiya gobe a kawo omo. Ban ɗora laifin duka kan hedimasta ba, don wani ko kuɗin sayen rajista ba a turo masa. Iyaye su haɗu su yi karo-karo don gyara rufin aji abu ne mai kyau. Abin da ya saɓa wa doka, a fahimtata, shi ne a mai da karo-karon nan sharaɗi, a koro yaro gida saboda naira ɗari biyu. Yarinyar da aka koro sau uku, uwarta za ta ɗora mata talla ne, daga nan kuwa dawo da ita sai an sha wuya.

Kuɗin gudanar da wannan duka yana da hanyarsa. Gwamnatin tarayya tana ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigarta ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, jiha kuma ba ta cin gajiyar tallafin gine-gine sai ta ajiye nata rabin. Daga SUBEB a Kaduna aiki ke gangarowa zuwa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Zariya da Sabon Gari kowacce da sakataren iliminta, kuma ofishinsa ne wurin kai kuka idan hedimasta ya kasa. Da can akan ce sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, mai maganar ilimi kyauta, buri ne kawai da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. A 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce tunda an yi dokar UBE, ilimin shekara taran nan ya zama haƙƙin da ake iya nema a kotu.

Tambayar da aka fi yi mini a cikin birni ita ce ta almajirai. Dokar ta ambace su da suna, tare da 'ya'yan makiyaya, yara mata, masu buƙata ta musamman da yaran da ke gararamba a titi, a cikin waɗanda shirin ya shafa. Ba ta ce a rufe makarantar allo ba. Zariya garin karatu ce tun kafin a san kwalejojin Barewa da Alhudahuda, kuma yaranmu da yawa suna haɗa uku ba tare da wata rigima ba: allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya da yamma. Inda gizo ke saƙar shi ne yaron da aka kawo daga wani ƙauye aka ajiye ba guzuri, cikinsa ya dogara da ƙoƙon bara. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ita ma, kamar sauran, aikinta ba zai kai zaure ba sai da yardar alaramma da uban yaro.

Batun talla da bara yana cikin wata dokar daban, Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda ta haramta amfani da yaro wajen bara ko talla a manyan tituna. Jihar Kaduna ta yi tata dokar hana bara da tallan titi a 2016, ta kuma yi dokar walwala da kare yara a 2018. Akwai abu biyu a dokar tarayyar da nake so iyaye su sani. Yarinyar da ta samu ciki kafin ta gama karatu, doka ta ce a ba ta damar komawa bayan ta haihu. Yaron da ya gama ƙaramar sakandare ba a samu halin tura shi babba ba, a ƙarfafa masa gwiwa ya koyi sana'a. Don haka gareji da shagon ɗinki ba abokan gabar doka ba ne. Lokacinsu ne bayan aji uku na ƙaramar sakandare, ko bayan an tashi daga makaranta.

To su wane ne masu ruwa da tsakin nan a aikace? A makarantun gwamnati akwai kwamitin al'umma da ake kira SBMC. Ba ƙungiyar iyaye da malamai ba ce, ya fi ta faɗi. Akan sa wakilin mai unguwa ko dagaci, malaman addini, wakilan mata, matasa, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai, hedimasta, har da ɗalibai mace da namiji. A wasu wurare akwai ƙungiyar iyaye mata a gefensa, kuma su ne suka fi amfani, don namiji iyakarsa zaure, mace kuwa har ɗakin uwar yarinya take shiga.

Na zauna a irin wannan kwamiti, kuma abin da na koya shi ne da wuya ka samu yaron da ya daina zuwa haka siddan. Rajistar aji takan ba da labarin tun kafin kowa ya buɗe baki. Yaron da ke fashi ranar kasuwa kawai, talla ne ko dako. Wanda ya ɓace tun saukar damina, yana gona. Yarinyar da ke ɗauke ƙafa kwana huɗu ko biyar duk wata, je ka duba ko makarantar tana da banɗaki mai ƙofa da ruwa. Wanda ke fita gida da yunifom amma ba ya isa aji, ko wani ne ke cin zalinsa a hanya, ko bulalar makara yake tsoro, ko ya fara bin 'yan shaye-shaye. Kowanne da maganinsa, kuma ba ɗaya da tarar naira dubu biyu za ta warkar. Mun ga haka ƙarara a 2016, da jihar ta fara ciyar da 'yan firamare: ajujuwa suka cika maƙil, wasu yaran kuma da sun ci sai su sulale. Mutane sun yi ta dariyar abin. Ni abin da na gani shi ne yawan gidajen da ake kwana ba a ɗora tukunya ba.

Akwai inda ƙarfin kwamiti ke ƙarewa. Idan duka ne ya wuce kima, ko an yi watsi da yaro, maganar ta jami'an walwalar jama'a ce da ke ƙarƙashin ma'aikatar jin daɗin al'umma ta jiha. Idan lalata aka yi da yaro ko yarinya, kada a tsaya sulhun zaure. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, inda ake duba lafiya, a kwantar da hankali, a kuma taimaka wajen bin shari'a. Ga 'yammata masu tasowa, Kaduna tana cikin jihohin farko na shirin AGILE na Bankin Duniya, mai gyara makarantun sakandare da tallafa wa iyaye marasa ƙarfi. Nan Zariya kuma Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta daɗe tana tara 'yammata rukuni-rukuni a ƙauyukan kewaye, wata babbar yaya tana koya musu karatu, lissafi da zaman duniya.

Wani yaro ɗan aji biyar ya taɓa ɗauke ƙafa mako uku. Muka je gidan bayan la'asar, ni da wakilin mai unguwa da wata hajiya daga iyaye mata. Uban ya fito zaure rai a ɓace, yana zaton sammaci muka kawo. Wakilin mai unguwa ya ce, "Malam, ba ƙara muka zo da ita ba. Ɗanmu ne ba mu gani ba, muka ce bari mu zo mu ji ko lafiya." Sai jikinsa ya yi sanyi. Ashe shi ma bai sani ba, don da asuba yake fita da kekensa mai ƙafa uku, sai dare. Hajiya ce ta fito daga cikin gida da bayanin: an mai da yaron bencin baya, ba ya ganin allo, malami yana ce masa daƙiƙi, 'yan aji suna dariya. Wani mai kemis a kwamitin ya ɗauki nauyin kai shi asibiti a duba idon. Hedimasta ya dawo da shi gaba, ya kuma yi magana da malamin a ofis, ba a gaban yara ba. Ranar Litinin da na leƙa ta taga, yana layin farko da tabarau mai kauri, ya ɗaure shi da zare ta ƙeya don kada ya faɗi.