Ba lalaci ba ne, ciwo ne

Wallahi abun na damuna, mutum na gyangyaɗi a ofis ko shago sai a ce malalaci ne ko an mai sammu. Akwai masu ciwon narkolefsi, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke samar da sinadarin oreksin mai riƙe mutum a farke ne suka lalace. Ko ya yi barcin awa 9 sai ya ɓingire da biro a hannu, wani ma in ya ƙyalƙyale da dariya gwiwoyinsa su saki, ga dannau da daddare. Ku bar shi ya runtsa minti 20 bayan azahar, kar ya yi tuƙi in ido ya yi nauyi, ya ga likita, akwai magani irin modafinil.