Baiwar Annabci a Ikilisiyar Kirista

Baiwar annabci ɗaya ce daga cikin baye-bayen Ruhu Mai Tsarki da Sabon Alkawari ya lissafa. A koyarwar Kirista, Ruhu ne yake sa wa mai bi magana a zuci, shi kuma ya faɗe ta a gaban 'yan'uwa domin a gina su, a ƙarfafa su, a yi musu ta'aziyya. Waɗannan ukun Manzo Bulus ya ambata a 1 Korantiyawa 14:3. Faɗin abin da zai faru nan gaba yakan shigo ciki, amma ba shi ne ginshiƙinta ba. Mai baiwar kuma ba ya kawo sabon littafi ko sabuwar shari'a. Duk abin da ya furta yana ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, jama'a kuma suna da hurumin auna shi.

Tushenta a Sabon Alkawari

A ranar Fentikos, Bitrus ya tashi a Urushalima ya ce abin da Annabi Yowel ya faɗa ne ya cika: Allah zai zubo Ruhunsa a kan dukan mutane, 'ya'ya maza da mata su yi annabci, har bayi ma ba a bar su a baya ba (Ayyukan Manzanni 2). Daga nan annabci ya tashi daga hannun 'yan tsirarun mutane irin su Ishaya da Irmiya, ya zama abin da talakan ikilisiya zai iya samu. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da misalai. Agabus ya je Antakiya ya ce za a yi babbar yunwa, aka kuwa yi ta a zamanin Kaisar Kalaudiyas. Abin lura shi ne masu bi ba su tsaya mamaki ba, gudummawa suka tara suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya. Filibus mai bishara yana da 'ya'ya mata huɗu a Kaisariya, dukansu masu annabci. A gidan nan ne Agabus ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure nasa hannuwan da ƙafafun, ya ce haka za a ɗaure mai ɗamarar a Urushalima. Jama'a suka roƙi Bulus kada ya tafi, shi kuwa ya tafi. Masu nazari sukan tsaya a kan wannan wuri, domin ya nuna jin annabci daban, yanke shawarar abin da za a yi da shi daban.

Cikakken bayani yana 1 Korantiyawa sura 12 zuwa 14, wasiƙar da Bulus ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 55. Ikilisiyar Koranti ta cika da hayaniya, kowa yana son ya yi magana da harsuna, wato furta kalmomi ta ikon Ruhu cikin harshen da masu ji ba su gane ba. Bulus ya fifita annabci a kan harsuna saboda dalili ɗaya, wato ana fahimtarsa. Sai ya kafa doka: mutum biyu ko uku su yi magana, ɗaya bayan ɗaya, sauran su auna, in an bayyana wa wani da ke zaune wani abu, na farkon ya yi shiru. Ya ƙara da cewa ruhun annabi yana ƙarƙashin ikon annabin. Ke nan babu wanda zai ce abin ya fi ƙarfinsa, ba zai iya kame bakinsa ba.

Yadda ake aunawa

Littafi Mai Tsarki ya yi dogon bayani a kan tantance annabci, har kusan ya fi wanda ya yi a kan yadda ake samun baiwar. Maimaitawar Shari'a 18 ta ce in abin da mutum ya faɗa da sunan Ubangiji bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Sura ta 13 ta littafin ta wuce nan: ko da alamar ta cika, in mai maganar yana jan mutane zuwa ga waɗansu alloli, ba za a saurare shi ba. Labarin Hananiya a Irmiya 28 shi ne misalin da masu wa'azi suka fi kawowa. Ya yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara biyu za a karya mulkin Babila, ya cire karkiyar da ke wuyan Irmiya ya karya a bainar jama'a. Magana ce mai daɗin ji, amma ƙarya ce, Hananiya kuma bai ga ƙarshen shekarar ba. Yesu ya ce da 'ya'yansu za a san su (Matiyu 7), wato halin mutum shaida ne. A 1 Tasalonikawa 5 kuwa an haɗa gargaɗi biyu wuri guda: kada a raina annabci, amma a gwada kome, a riƙe mai kyau. Aikin kamar shiƙar hatsi ne, ba a zubar da tsaba don akwai ƙaiƙayi a cikinta.

Wani tsohon rubutun ikilisiya da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya sauko da ma'aunin ƙasa sosai. Baƙon da ya zo da sunan manzo, in ji shi, ya kwana ɗaya ko biyu. In ya kai uku, annabin ƙarya ne. In ya nemi kuɗi, annabin ƙarya ne. Da wuya a sami ma'aunin da ya fi wannan sauƙin aiki har yau.

Tarihi a taƙaice

A rabin ƙarshe na ƙarni na 2, Montanus ya bayyana a Firijiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, tare da mata biyu, Biriskila da Maksimila, suna annabci cikin fitar hayyaci, suna cewa ƙarshen duniya ya kusa. Bishof-bishof na yankin suka ƙi su, ko da yake babban malamin Kartaj, Tartuliyan, ya goyi bayansu daga baya. Tun daga rikicin nan ikilisiya ta ƙara jingina ga bishof da rubutacciyar Kalma. Baiwar ta dawo bakin jama'a da ƙarfi bayan farkawar Titin Azusa a Los Anjalis ta Amurka a 1906, inda ɗarikun Fentikos suka samo asali, sannan ta shiga cikin Katolika a 1967.

A Nijeriya abin ya fara daga kudu. Garrick Braide, wani mai wa'azi da mabiyansa suka ɗauka annabi, ya yi tashe a yankin Neja Dalta wajen 1915. Kerubim da Serafim ta kafu a Legas a 1925 ta hannun Moses Orimolade da Christiana Abiodun, farkawar Joseph Ayo Babalola kuma ta girgiza Ilesha a 1930. A majami'un Aladura, wato irin waɗannan ikilisiyoyin masu fararen riguna da suka taso a ƙasar Yarabawa, wahayi da mafarki da muƙamin annabi suna cikin tsarin sujada kanta.

Har yanzu malaman tauhidi ba su daidaita ba. Wani ɓangare yana cewa baiwar ta tsaya da rasuwar manzanni da kammala Sabon Alkawari, abin da ya rage shi ne wa'azi mai iko. Ɗaya ɓangaren yana cewa 1 Korantiyawa 13 ta ɗaure ƙarewar annabci ne da zuwan cikakke, wato dawowar Almasihu, don haka tana nan. Katolika ta bi tsakiya: ta yarda da baye-baye, amma ta ce wahayin da wani ya samu shi kaɗai ba ya ƙara kome a kan bangaskiya, ba kuma dole ne kowa ya gaskata shi ba.

A ƙasar Katsina

Kiristancin Hausawan Katsina bai fito daga reshen Aladura ba. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ce ta kama aiki a asibitin kutare na Babbar Ruga a shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, bishara kuma ta fi samun karɓuwa a ƙauyukan Maguzawa na kudancin jihar, wajen Malumfashi da Kafur. Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga SIM a 1954, tana da fasto da dattawa da masu bishara da Zumuntar Mata, amma babu kujerar annabi a tsarinta. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, da Littafin Waƙoƙi su ne abin riƙon mai sujada. Angilikan ta sami dayosis, wato yankin da bishof yake shugabanta, a Katsina a 1990, Katolika kuma a 2023 da Bishof Gerald Mamman Musa. A wajensu duk wani da'awar wahayi da ta ta da ƙura, gaban bishof take ƙarewa. Majami'un Fentikos da na masu fararen riguna sun fi yawa a cikin garuruwa irin su Katsina da Funtuwa, inda 'yan kasuwa da ma'aikata daga kudu suka zauna, kuma a nan ne aka fi jin annabcin sabuwar shekara a daren 31 ga Disamba.

Abu biyu ne suke sa Masihiyawan wannan ƙasa taka tsantsan. Na farko maƙwabtaka. Mafi yawan mutanen Katsina da Daura Musulmi ne, a aƙidarsu kuwa an rufe annabta da Annabi Muhammadu (SAW), kamar yadda aya ta 40 ta Suratul Ahzab ta nuna. Wanda ya liƙa takarda a bango yana kiran kansa annabi, abin da maƙwabcinsa zai ji ya sha bamban da abin da Bulus yake nufi, kuma zaman lafiyar unguwa ba abin wasa ba ne. Shi ya sa a majami'ar Hausa an fi jin mutum ya ce Ubangiji ya sa masa nawaya a zuciya, ko ya nemi a ba shi dama ya ba da shaida.

Na biyu ya fi zurfi. Iyaye da kakannin masu bi da yawa daga bori da tsafi suka fito, sun san boka, sun san mai duba. In wani ya tashi yana rawar jiki, yana gaya wa mace cewa facalarta ce ta yi mata asiri, ko yana neman a ajiye kuɗi kafin ya faɗi abin da ya gani, dattijon ƙauye zai gane tsohuwar sana'a ko da an sa mata rigar coci. Irin wannan magana ta fi kowace ɓarna, domin tana raba zumunta, wani lokaci ta hana marar lafiya zuwa asibiti.

Inda ake bin tsarin 1 Korantiyawa 14, wanda ya ji yana da saƙo yakan fara kai shi wurin fasto ko dattawa. Su duba ko ya yi daidai da Nassi, su duba zaman mutumin da iyalinsa da maƙwabtansa, sa'an nan su ga ko na faɗa a taro ne ko na keɓe. Maganar aure ita ta fi wuya. Saurayi ya zo ya ce an nuna masa wance ce matarsa. Dattawa masu hankali sukan ce masa, ɗana, mun ji, amma ita ma tana da Ruhu, iyayenta kuma suna raye, sai ka bi ta ƙofar gida a tambaye ta.