Waiwaye: Yadda opera ta Alceste ta ɗaga darajar Jamusanci a 1773

Da aka rufe gidan opera na Gänsemarkt da ke Hamburg a 1738, bayan shekara 60 yana aiki, Jamusanci ya rasa babban dandalin da ake rera wasan kwaikwayo da shi. Fadojin Jamus sun riga sun rungumi Italiyanci. Hasse a Dresden da Graun a Berlin duk Jamusawa ne, amma baitocin Italiyanci suke sa wa kiɗa, harshen gida kuwa aka bar shi ga wasannin barkwanci masu cuɗa magana da waƙa.

Ana cikin wannan hali marubuci Christoph Martin Wieland ya iso Weimar a 1772, domin ya koyar da ɗan Gimbiya Anna Amalia, mai riƙon sarautar ƙasar. Ya haɗa kai da makaɗi Anton Schweitzer na ƙungiyar wasan Seyler, ranar 28 ga Mayu, 1773 suka gabatar da Alceste, wasa mai kashi biyar wanda ake rerawa da Jamusanci tun daga farko har ƙarshe. Ko makaɗi Gluck, wanda ya riga su taɓa wannan labari a Vienna a 1767, da Italiyanci ya yi nasa.

Tushen labarin wasan Euripides ne, marubucin tsohuwar Girka, wanda aka nuna a Atina shekara 438 kafin haihuwar Annabi Isa. Ajalin Sarki Admetus ya zo, aka ce zai tsira idan wani ya yarda ya mutu a madadinsa. Iyayensa tsofaffi suka ƙi, matarsa Alcestis (wato Alceste) ta ba da ranta, daga bisani jarumi Herakles ya ƙwato ta daga hannun mutuwa. Euripides bai rufa wa kowa asiri ba: sarki ya karɓi sadaukarwar matarsa da saninsa, ya yi cacar baki da mahaifinsa a gaban gawarta, baƙonsa Herakles kuma yana can yana shaye-shaye a gidan makoki. Wieland ya ga wannan bai dace da kunnen fada ba, sai ya cire uban gaba ɗaya, ya ƙirƙiro wa Alceste 'yar'uwa mai suna Parthenia, ya sa matar ta yi alwashinta ba tare da sanin mijin ba, ya kuma mai da Herakles dattijon kirki.

Da Wieland ya tsaya nan, da wataƙila an zauna lafiya, amma sai ya buga wasiƙu a mujallarsa Der Teutsche Merkur yana kare gyare-gyarensa, yana nuna inda Euripides ya gaza. Wannan ya harzuƙa matashin marubuci Goethe, ya rubuta zambo mai zafi wanda aka buga a 1774, inda ya gurfanar da Wieland da hular barci a lahira gaban Euripides da jaruman da ya yi wa kwaskwarima. A ganina Goethe ya yi gaskiya game da labarin, domin cire laifin sarki ya rage wa wasan nauyi ƙwarai. Duk da haka, zambon bai hana wasan yaɗuwa ba, har ya kai fadar Schwetzingen a 1775.

A watan Mayun 1774 gobara ta cinye fadar Weimar da dandalinta, ƙungiyar Seyler ta koma Gotha. A can makaɗi Georg Benda ya fito da Ariadne auf Naxos a Janairun 1775, ya bi da Medea a Leipzig a shekarar, duka daga tatsuniyoyin Girka, sai dai a cikinsu ana furta Jamusancin ne kiɗa na rakiya. Su ne Mozart ya yaba wa mahaifinsa a wasiƙar Nuwamban 1778, har ya ce yana yawo da su duk inda ya je.